Sitiyarin gem a zafin Sakkwato: mai haƙori, mai bel, ko mai haɗin kai-tsaye?

Wanda ya gaji da tuƙa motar tsere da hannun gem, ya fara tara kuɗin sitiyari, yakan tsaya cak a wuri guda. Ga Logitech da kowa ya sani, ga Thrustmaster da ake yabon laushinsa, ga kuma sababbin nan na Moza da Fanatec da ake ta kurarawa a YouTube. Sai dai yawancin masu kurarawar a Turai da Amurka suke, cikin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu nan Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙurarsa, wuta kuma sai yadda hali ya yi. Lissafinsu ba namu ba ne.

Zafi biyu ne a gabanka. Akwai na taya, wanda ke cikin wasan, babu ruwansa da ko kana Mabera ko kana Landan. Akwai kuma na injin da ke cikin sitiyarin, wanda iskar ɗakinka ce ke sanyaya shi ko ta ƙara dafa shi. Sitiyarin da ya dace da kai shi ne wanda zai taimake ka ka shawo kan na farko ba tare da na biyun ya kayar da shi ba.

Me sitiyari ke gaya maka game da taya?

Sitiyarin kirki ba karkarwa kawai yake yi ba. Injin da ke cikinsa yana ja-in-ja da hannunka gwargwadon abin da tayoyin gaba ke ji a kan kwalta, shi ne martanin da 'yan wasa ke kira FFB. Kana shiga kwana zai yi nauyi, alamar taya ta kama. Ka murɗa fiye da kima, sai ka ji ya saki, ya yi sakayau a hannu: taya ta daina riƙo, ta koma gugar kwalta. Gugar nan ce ke ƙona fuskar taya.

Ɗauki Parabolica, doguwar kwanar dama ta ƙarshe a filin Monza na Italiya. Nauyin mota duk yana komawa kan tayar gaba ta hagu. Ka shigo da gudu, hancin mota ya ƙi shiga, hannu ya ce ƙara murɗawa. Ka ƙara, taya ta yi ƙara, a allo ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa. Zagaye na gaba riƙonta ya ragu, ka sake murɗawa fiye da ɗazu, ta yi ja. Haka mutum ke cinye tayarsa tun tsere bai kai rabi ba, ya dawo yana zargin saitin mota. Wanda sitiyarinsa ke magana kuwa, da ya ji nauyi ya fara raguwa sai ya ɗan sassauta hannu, ya ɗaga ƙafa daga totur kaɗan, ya jira taya ta sake kamawa.

Ka lura, martanin sitiyari ba zai gaya maka digiri nawa tayarka take ba. Wannan aikin allo ne. Abin da hannu ke ji shi ne sanadin zafin, tun kafin lamba ta motsa.

Wasanni kuma sun bambanta a nan. Assetto Corsa Competizione na kamfanin Kunos, wanda ake taƙaitawa da ACC, yana nuna zafi da iskar kowace taya kana cikin tuƙi. Tun sabuntawar 1.9 ta 2023, tayar busasshen titi ta motocin tsere na rukunin GT3 tana son iska tsakanin psi (ma'aunin iskar taya) 26 da 27 idan ta ɗumama, zafinta kuma tsakanin digiri 70 da 100. Abin da 'yan wasa suka saba shi ne, duk digiri ɗaya da zafin gari ya ƙaru a cikin wasan, sai su rage kimanin psi 0.1 a gareji. Idan har yanzu taya na ƙuna, ana buɗe hanyar iskar birki, domin zafin birki na bin ƙarfen wili ya shiga taya. A iRacing sai ka shiga wurin sauya taya kafin ka ga ma'aunin zafinta, don haka can hannu ne idonka. Gran Turismo 7 (GT7) na 2022 kuwa ba ya ba ka lambobin zafi a allo, ba ya ma barin ka taɓa iskar taya; cinyewarta kawai kake kallo.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne tsabtar labarin da sitiyari ke kawowa hannu, musamman lokacin da gaba ya fara saki. Ana auna ƙarfin murɗawar injin da ma'aunin da ake kira Nm, amma ƙarfi kaɗai ba shi ne magana ba. Amfaninsa shi ne ya ba da fili tsakanin ƙaramin motsi da babba. Na biyu, juriya: zafin bazara, ƙurar hunturu, da wutar da ke hawa da sauka. Na uku, kuɗi, kuma ba na kwali kaɗai ba, har da tebur, dako, da abin kare wuta. Zan faɗi farashi da dala, tunda na naira ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Kai ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin kawowa daga Legas, Abuja ko Kano. Sai na huɗu, wanda mutane ke mantawa har sai kaya sun iso: da wace na'ura yake aiki, PlayStation, Xbox ko kwamfuta? Sauƙin saiti da haɗari za su shigo a hanya.

Mai haƙori: Logitech G29, G920 da G923

G29 ya fito a 2015, na PlayStation da kwamfuta; G920 tagwayensa ne na Xbox. G923 ya biyo baya a 2020 da ƙarin karkarwa da suka sa wa suna TrueForce, amma cikinsa kusan ɗaya ne. Ƙananan injina biyu ne ke juya sitiyarin ta haƙoran giya, ƙarfinsu bai wuce Nm 2 da 'yan kai ba, yana juyawa digiri 900, kuma feda uku na cikin kwalin: totur, birki da kuloci.

Wajen kawo labarin taya shi ne na baya. Akwai 'yar tazara a tsakanin haƙoran, don haka a miƙaƙƙen titi tsakiyar sitiyarin fanko take, sai ka murɗa kaɗan kafin ka ji wani abu. In ka hau gefen titi sai ya yi ta kaf-kaf-kaf har maƙwabcin ɗaki ya san kana wasa. Sakin gaba ana jin sa, amma a makare kuma a dunƙule, shi ya sa mai G29 yake buƙatar kunne: ka ƙara ƙarar kukan taya a saitin sauti, ka rage ta inji.

Wajen juriya kuwa, a nan ya yi wa sauran fintinkau. Ba shi da fanka da za ta zuƙo ƙura, adaftarsa a waje take, kuma abin da take ja bai kai wat 50 ba, ƙaramar inbata ma ta ɗauke shi. In adafta ta ƙone, ita kaɗai za a sauya. Rauninsa na fedoji ne: ma'aunin da ke cikinsu irin mai gogayya ne, ƙura na shiga, sai ka ga totur na rawa a allo alhali ƙafarka ba ta motsa ba, ko birki ya ƙi komawa sifili. Birkin da ya ɗan maƙale haka yana dafa taya da cin gudu ba ka sani ba. Maganin ba wuya: feshin wanke na'urorin lantarki, wanda masu gyaran kwamfuta ke amfani da shi, da kuma rufe fedojin da zane duk lokacin hazo.

An fara sayar da shi dala 400, yanzu ana yawan samunsa tsakanin 200 da 300, kuma ana samunsa na hannu a Najeriya.

A saiti, kada ka kai ƙarfin ƙarshe don ka ji nauyi. Lasifikar biki idan aka ƙure mata murya, ba ƙarin kiɗa ake ji ba, sai hayaniya guda. Haka injin sitiyari yake in aka nemi abin da ya fi ƙarfinsa, duk kwana sai ta zama nauyi ɗaya, sakin taya ya ɓace a ciki. A ACC akwai 'yar sanda kusa da ma'aunin totur da birki, tana yin ja idan inji ya ƙure. Ka yi ta rage Gain, wato ƙarfin martani, har sai ta daina ja a tsakiyar doguwar kwana. In ta yi ja kan gefen titi ko karo, ba komai. Sannan ka ɗaga Minimum Force, wato mafi ƙarancin ƙarfin da inji zai bayar, zuwa wajen kashi 10 ko 15 don cike fankon tsakiya. In sitiyari ya fara kaɗa kansa hagu da dama a miƙe, ka wuce gona da iri, dawo baya.

Mai bel: Thrustmaster T300 RS da ƙannensa

T300 RS ya girmi G29 da shekara guda, 2014 ya fito. Inji ɗaya ne marar gawayi, yana ja ta bel biyu, ƙarfinsa kusan Nm 4, juyinsa digiri 1080, yana aiki da PlayStation da kwamfuta. Bambancinsa da mai haƙori a hannu ba ƙarami ba ne. Babu fankon tsakiya sosai, babu ƙara, nauyi na hawa da sauka a hankali, don haka kana jin gaba na shirin saki tun kafin ya saki. In bayan mota ya kubce, yana saurin juyo da kansa ya nuna maka inda za ka tare. Mai son ya koyi lallaɓa taya a dogon tsere zai ƙaru da shi ƙwarai.

To amma a nan ne zafi na biyu ke shigowa, kuma nan zan daɗe. T300 yana da fanka a ciki, kuma an san shi da cewa idan injin ya yi zafi yakan rage ƙarfin martani da kansa don kada ya ƙone. Masu shi a ƙasashen sanyi ma suna kuka da wannan, balle ɗakin kwano a watan Afrilu da azahar. Matsalar ba raguwar nauyi kaɗai ba ce. Sitiyari ya yi sakayau bayan rabin awa, kai kuma ka ɗauka tayoyin gaba ne suka ƙare, ka rage gudu, ko ka koma gareji kana sauya iska da karkatar wili a kan ciwon da ba na mota ba. Hanyar rabewa mai sauƙi ce: dubi allo. In tayoyi kore ne, lokacin zagayenka bai faɗi ba, amma hannu na jin sauƙi a kowace kwana, dama da hagu daidai, to inji ne ya gaji.

Ana iya zama da shi. Akwai tsarin da ke sa fankar ta yi ta aiki tun daga kunnawa, yana cikin littafin da ke zuwa da shi. A Sakkwato wannan wajibi ne. A kwamfuta ƙarfinsa na zuwa a kashi 75 daga kamfani, ka bar shi nan ko ka yi ƙasa, kada ka hau. Ka juya masa fankar ɗaki, ka yi dogayen tsere bayan isha'i. Sai dai fankar da ke ceton sa a bazara ita ce ke zuƙo masa ƙura a Disamba da Janairu.

Akwai wani tarko da ya fi wannan tsada. Na'urar wutar T300 a cikinsa take, kuma ana yin ta ne bisa wutar ƙasar da za a sayar. Wanda aka yi don Amurka na bolt 110 ne, tamu kuwa 230 ce. Ka sayi ɗan kwatano da ya fito daga can, ka cusa a soket kai-tsaye, ka gama da shi a ranar farko. Karanta takardar da ke manne a jikinsa kafin ka biya ko kwabo.

Farashinsa yakan kama daga dala 350 zuwa 450, gwargwadon fedojin da ke ciki. T248 na 2021 gauraye ne, bel da haƙori, ƙarfinsa wajen Nm 3.5, ya fi G29 ƙarfi, bai kai T300 laushi ba.

Mai haɗin kai-tsaye: Moza R3 da R5, Fanatec CSL DD

A nan babu bel, babu haƙori, sitiyarin a kan sandar injin yake zaune. Da can sai masu hannu da shuni, har Fanatec ya fitar da CSL DD a 2021 kan dala 350, gindin kaɗai ba sitiyari ba feda, mai Nm 5, wanda ke kai 8 in an saya masa babbar adafta. Moza ya biyo da R5 mai Nm 5.5 a haɗe da sitiyari da feda biyu, daga baya R3 mai Nm 3.9. Cikakken kaya yakan tashi tsakanin dala 350 da 600.

Game da taya, babu gasa. Ko R3, da ƙarfinsa daidai da na T300, ya fi shi tsabtar labari, domin babu roba a tsakani da za ta shanye ƙananan motsi. Kana jin bambancin taya mai sanyi a zagayen farko da wadda ta ɗumama, kana jin tsalle-tsallen tayar da birki ya cinye wa gefe guda. Fedojinsu kuma ma'aunin maganaɗisu ne, ba gogayya, ƙura ba ta cika damun su ba. CSL DD da R5 ba su da fanka, jikinsu na alminiyom ne ke fitar da zafi. Zai yi ɗumi a taɓa, amma tunda kashi 50 ko 60 na ƙarfinsa ya ishi yawancin mutane, ba a ƙure yake aiki ba. Minimum Force a nan sifili ne, ƙarin girgizar titi ma ka kashe, yana rufe abin da kake son ji.

Inda gizo ke saƙar guda uku ne. R5 ba ya aiki da PlayStation, na kwamfuta ne. R3 akwai na Xbox da kwamfuta. Mai PS5 da GT7 sai ya nemi GT DD Pro na Fanatec ko T598 na Thrustmaster, duk sun fi tsada. Na biyu, teburin roba ko na katako mara ƙwari ba zai riƙe shi ba, in tebur na rawa labarin ya zube a ƙasa. An yi sa'a, mai walda na unguwa zai haɗa maka tebur da ƙarfe mai kusurwa huɗu in ka kai masa awon ramukan noti. Na uku shi ne gyara. In allon lantarkinsa ya ƙone, ba abin da za a buɗe a gefen titi ba ne, mayar da shi waje kuma dakon kaɗai ya isa ciwon kai. Adaftar CSL DD wat 90 ce, babbar 180. Ka ƙara da wutar da na'urar gem ko kwamfuta da talabijin ke ja kafin ka ce inbatarka za ta ɗauka. Kada ka haɗa shi da ƙaramin janareta ba stabilaiza.

Sannan a kiyaye yara. Kowane sitiyari yana iya juya kansa in yana kunne, amma mai Nm 5 zuwa 8 in mota ta daki katanga yana iya murɗe yatsa ko wuyan hannu. In za ka yi karo, saki.

| | Mai haƙori | Mai bel | Mai haɗin kai-tsaye |
|---|---|---|---|
| Misali | G29, G920, G923 | T300 RS | R3, R5, CSL DD |
| Ƙarfi | Nm 2 da 'yan kai | kusan Nm 4 | Nm 3.9 zuwa 8 |
| Farashi da dala | 200 zuwa 350 | 350 zuwa 450 | 350 zuwa 600 |
| Jin sakin taya | a makare | da kyau | tsaf |
| A bazara | yana jurewa | yana rage ƙarfi | yana jurewa |
| A hunturu | fedoji na shan ƙura | fanka da fedoji | da sauƙi |
| Babban haɗari | ƙara da fankon tsakiya | zafi, wutar 110 | gyara, tebur, na'ura |

In na hannu za ka saya

Kada ka yarda da bidiyon WhatsApp. A kunna a gabanka, in G29 ne ko T300 ka ga ya juya dama ya juya hagu ya dawo tsakiya daidai. Ka taka kowace feda a hankali kana kallon sandarta a allo, ta hau sumul ta sauka har ƙasa. In T300 ne, ka zauna ka tuƙa minti 30 ko 40, ka sa kunne ka ji fanka na juyawa, ka sa hanci kusa da ramukan iska. Mai kaya zai ce “Malam, ai ka gani yana yi,” ka ce masa a bari ya yi zafi tukuna.

Wa ya dace da wanne?

Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke da PS4 a ɗaki, ko mai gidan gem da hannaye goma za su taɓa sitiyarin a wuni, G29 ne nasu. Yana shan wahala bai mutu ba, kuma in ka gaji da shi akwai mai saye. Ƙarin kuɗin G923 ban ga ya biya kansa ba sai in tazarar kaɗan ce.

Mai kwamfuta da ya ɗauki ACC ko iRacing da gaske, yana tseren minti 40 ko awa guda inda taya ke raba gardama, ya tsallake mai bel ya tafi R5 ko CSL DD, muddin yana da sola ko inbata mai kyau. Kuɗin ya kusa zama ɗaya da na T300, kuma ba zai riƙa tantamar ko taya ce ta gaji ko inji ba. In aljihu bai kai ba, R3 ya wadatar.

T300 na bar wa mutum ɗaya: mai PS5 da GT7, wanda G29 ya yi masa kaɗan, GT DD Pro kuma ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma ɗakinsa na da sanyi ko da dare yake wasa. Shi ma ya tabbatar na bolt 230 ne.

Wanda kuwa wasansa Forza Horizon ne ko Need for Speed, ya riƙe kuɗinsa. Waɗannan don hannun gem aka gina su, zafin taya ba ya cikin abin da zai dame shi, kuɗin sitiyarin gara ya tafi ga batirin inbata.